Wace Arewa ce ke magana a jaridun Legas?

Tun da 'yan adawa suka ƙulla haɗaka a inuwar jam'iyyar ADC a watan Yulin 2025, da wuya mako ya fita ba a ga kanun nan a jaridun Legas ba: Arewa ta juya wa Tinubu baya. Kwana biyu tsakani, wata jaridar ta ce Arewa ta yi masa mubaya'a. Ka shiga cikin labarin, sai ka tarar Arewar nan mutum huɗu ne da suka kama ɗakin taro a wani otal na Abuja, suka rataya ƙyalle mai ɗauke da sunan wata gamayyar matasa da ko maƙwabcin shugabanta bai taɓa jin ta ba, suka karanta takarda, suka raba wa 'yan jarida kuɗin mota. Gari na wayewa shirin siyasa na talabijin ya ɗauka, a jera masu sharhi uku su cinye rabin sa'a suna fashin baƙin abin da "Arewa" ke nufi.

Jihohi 19 ake magana a kai. Duk wanda ya bi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya san yadda suka rabu. Kwankwaso ya ɗauke Kano. Atiku ya ci Katsina, Kaduna, Sakkwato, Kebbi, Bauchi, Gombe, Yobe, Adamawa da Taraba. Tinubu ya ci Borno, Jigawa, Zamfara, Neja, Kwara, Kogi da Binuwai. Obi ya ci Filato da Nasarawa. Yankin da ya yi gida huɗu a rana guda, shi ne edita zai zauna a Ikeja ya ba shi baki ɗaya, kuma ya damƙa bakin a hannun duk wanda ya riga aiko da sanarwa. Ko Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa da ta Dattawan Arewa, da suka daɗe a fage, ba su da ƙuri'ar Tibi da Babarbare da Banufe a aljihu, balle waɗannan na jakar hannu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, idan da gaske ana son jin ta bakin ɗan Arewa, ba sai an je Abuja ba. Yana nan Agege, yana Idi-Araba, yana Obalende, yana Alaba Rago, yana mayankar Oko-Oba. A je kasuwar kayan gwari ta Mile 12 da asuba a ga tireloli sun jeru, 'yan dako na sauke kwandunan tumatur da buhunan albasa, dillali na tsaye da ɗan littafinsa yana lissafin abin da direba ya zubar a shingaye tun daga Kano. Mutumin nan ya fi masu sharhin talabijin sanin abin da haraji ke nufi, domin kullum daga jikinsa ake yanka. Amma lokacin da aka yi ta cacar baki kan ƙudurorin gyaran haraji, daga Oktoban 2024 da aka kai su majalisa har zuwa Yunin 2025 da aka sa musu hannu, an mai da zancen damben Arewa da Kudu: gwamnoni sun ce, fadar shugaban ƙasa ta mayar da martani. Ko sabuwar dokar za ta rage karɓe-karɓen da ake yi wa motar gwari a hanya, wannan tambayar ba ta samu gurbi a shafin farko ba.

Bahaushen Legas yana shiga labarai, amma ta ƙofar baya. Ya shiga a rikicin Ketu na 1999, ya shiga a na Idi-Araba a Fabrairun 2002, ya shiga a na Mile 12 a Maris ɗin 2016 da aka rufe kasuwar. A Agustan 2019 an tare wasu mutum 123 da suka taso daga Jigawa da babura 48 a cikin babbar mota, hotunansu suka cika shafuka kamar an kama rundunar mamaya, daga baya aka sallame su, sallamar kuwa ba ta samu rabin wannan hayaniyar ba. Da aka haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, kyamarori sun je sun ɗauki yadda ake niƙe babura. Gwamnati tana da hujjarta ta haɗurra da tsaro, ba ita nake ja ba a nan. Ina tambaya ne: masu baburan ina suka nufa? Nawa ne suka ci bashi suka saya? Wannan ma ai labarin siyasa ne, tunda hukunci ne na gwamnati da ya sauka a kan mutane.

Sau ɗaya na ga an lura da cewa akwai waɗanda ke ciyar da garin nan, a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da dillalan abinci da shanu suka dakatar da kawo kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Tumatur ya yi tsada, nan take kowa ya san hanyar Mile 12. Kaya na dawowa, aka naɗe makirufo.

Kuma fa ko ta fuskar lissafin zaɓe, wannan sakacin wauta ne. A 2023 Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a Legas, Tinubu ya samu 572,606. Tazarar ba ta kai dubu goma ba. A jihar da aka yi irin wannan kankankan, 'yan Arewa masu katin zaɓe ba abin yarwa ba ne, amma iyakar abin da ake nuna mana shi ne hoton wani mai rawani ya kai ziyara gidan gwamnati, a rubuta a ƙasa cewa al'ummar Arewa mazauna Legas sun ba da goyon baya. Wa ya tambaye su?

Akwai masu cewa duk ƙiyayya ce, wai jaridun Kudu ba sa ƙaunarmu. Wannan bayanin malalaci ne, domin Bayaraben Makoko ma sai an zo rushe masa gida ake tunawa da shi. Maganar ta kuɗi ce da son jiki. Sanarwa kyauta take zuwa ta WhatsApp, wani lokaci har da ambulan a bayanta, alhali tura wakili kasuwa ya yini yana tambaya sai an kashe. Gidan jaridar da ma'aikatansa ke bin sa bashin albashi ya san wanda zai zaɓa.

Masu cewa maganin shi ne mu kafa namu kafofin kuma, sai su fara duba waɗanda muke da su. Tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya muke da aikin jarida da Hausa, yau kuma shafukan Hausa a Facebook ba sa ƙirguwa. Me yawancinsu ke yi? Su ɗauko kanun nan na jaridar Legas, su juya shi zuwa Hausa, su ƙara masa "da ɗumi-ɗumi". Sai ɗan kasuwar Agege ya zauna teburin mai shayi ya karanta a wayarsa cewa Arewa ta yanke shawara, da harshensa, ba tare da kowa ya ji ta bakinsa ba. Wannan ya fi na Turancin muni, don shi an yarda da shi.

Ba wani abu mai wuya ake nema ba. Kafin edita ya sa kalmar Arewa a kanu, ya tambayi masu sanarwar ina ofishinsu, su nawa ne, wa ya biya kuɗin ɗakin taron. Kafofin Hausa kuma da ke da hali su ajiye wakili a Legas wanda aikinsa ba jiran rikici ba ne. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma kowane ɗan takara ya riga ya san farashin ɗakin taro da ƙyalle.