Saurin haddata ne ya kusa kayar da ni

A tambayi ɗalibi burinsa, amsa na bakinsa: likita, injiniya, lauya. Ni ma nawa ba ɓoyayye ba ne, ilimin haɗa magunguna nake so, har in kai ga yin bincike a kansu. Amma a ce mu faɗi inda muke da rauni, sai a fara kame-kame. Wani ya ce wai matsalarsa ya cika takura wa kansa da karatu. Haba malam, ai wannan yabon kai ne aka sa wa rigar aibu.

Bari in faɗi nawa ba ƙumbiya-ƙumbiya. Allah Ya ba ni saurin hadda. In na karanta shafi sau biyu, zan kawo maka shi har da wurin da na ja layi. Da wannan baiwar na yi ta cin jarrabawa tun ina firamare, ita ce kuma ta lalata ni. Sai jarrabawa ta rage kwana biyu in raba dare a kan littafi, in shiga in juye, in fito. Bayan mako uku a tambaye ni, wayam.

A darasin kimiyyar sinadarai asirina ya tonu. Malam ya kawo wani sinadari da babu shi a littafinmu, ya ce mu yi amfani da ƙa'idojin da muka koya mu faɗi halinsa. Na zauna biro a hannu, ƙa'idojin duk suna kaina a jere, amma na rasa wacce zan ɗauko. Wanda ke gefena, da kullum nake fi maki, ya sunkuya yana ta rubutu.

Daga baya na gano tsohon ciwo ne. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa yadda ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin kalma da ba su da ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi ta zama ɗaya ƙarko. A 2006 kuma wasu masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, a Amurka suka raba ɗalibai: wasu suna maimaita karatu, wasu suna rufe takarda su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa suka yi gaba. Bayan mako guda masu gwada kansu suka wuce su, alhali masu maimaitawar ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. Ni ke nan, sak.

Shi ya sa nake ganin ɗalibi ya fara zargin abin da ake yaba masa kafin ya je neman rauninsa a wani wuri. Yanzu in na gama babi sai in rufe littafi, in ɗauko farar takarda in zuba abin da ya zauna, in sake gobe, in sake bayan kwana uku, sannan bayan mako. Babu daɗi, don takardar ba ta da kara.

Saura kunyar tambaya, wannan kam har yanzu muna kokawa. Wanda aka saba ce wa mai ƙwaƙwalwa, ɗaga hannu ya ce "Malam, ban gane ba" nauyi yake masa. Jiya na ɗaga, muryata na rawa. Malam bai gama amsawa ba na hango mutum huɗu sun ciro biro.