Yadda Turancina Ya Tona Asirin Ragon Alhaji

Ni dai lauya na so zama. Haka na cike a fom ɗin JAMB, haka kuma Baba ya sanar wa majalisarsu ta ƙofar gida tun kafin in shiga ɗakin jarrabawa. Da sakamako ya fito makin bai kai ba, sai jami'a ta tura ni sashen Turanci. Baba ya yi jim, sannan ya ce, "To, ai su lauyoyin ma da Turancin suke cin abinci. Kai tushen ka je." Tun daga ranar na zama Baturen gidanmu. Takardar asibiti, saƙon banki, rubutun jikin kwalin magani, duk ni ake ƙwala wa kira.

Abin da ba su sani ba, karatun da ake yi mana a can ko kusa bai haɗa hanya da kwalin magani ba. A aji ɗaya aka ce mana Turancin Ingila yana da sautuka 44, wasula kaɗai 20. Mu da muka taso da a, e, i, o, u, in ka so ka ja su, in ka so ka gajarta, shi ke nan. Malamin ya ce kowa ya nemi madubi ya riƙa kallon leɓɓansa, ya kuma riƙe fallen takarda a gaban baki: in ka furta "p" daidai takardar za ta yi tsalle, in "f" ɗinmu ta gado ce ta fito, sai dai ta ɗan girgiza. Da na zo hutu, Inna ta leƙo ɗaki ta same ni ina hura takarda ina zaro harshe tsakanin haƙora a gaban madubi. Ba ta ce uffan ba. Da magariba sai ga kwanon rubutu an aiko mini, wai in shanye in shafe fuska.

A tarihin harshe kuma aka ba mu labarin shekarar 1066, lokacin da mutanen Nomandi suka tsallako daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan kalmomin Faransanci suka malalo cikin Turanci. Shi ya sa tunkiya tana da suna ɗaya in tana kiwo, wani sunan daban in ta shiga tukunya: talaka mai kiwo na kiranta da yarensa, mai mulki da ke cin naman na kira da nasa. Wannan darasi ya zauna mini a ka daram, don duk maganar da ta shafi tumaki takan sa gabana ya faɗi. Akwai wani rago a tarihina. Za mu zo kansa.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zaunar da mu a gida wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan an dawo an yi ta gudun cike gurbi, har na kai aji uku, inda ake kwas ɗin ƙaga labari da waƙa. Nan fa na ga wurin nuna bajinta.

Labarina na farko a Landan na kafa shi. Wani Bature na zaune bakin taga, wuta na ci a murhu, dusar ƙanƙara na sauka, shi kuma yana tuna masoyiyarsa. Dakta ta zo aji da takardunmu, ana zafin da ko kaza sai ta buɗe baki, fanka tsaye cak babu wuta. Ta zaro tawa ta karanta sakin layi na farko a fili, sannan ta ɗago.

"Wane ne mai wannan?"

Na miƙe ina gyara wuyan riga.

"Ka taɓa zuwa Landan?"

"A'a, Dakta."

"Ina ne iyakar tafiyarka?"

"Kaduna."

"Dusar ƙanƙarar fa, a ina ka gan ta?"

Wani ɗan iska daga baya ya ce, "A firizar mai fiya-wata." Aji ya ɗauka gaba ɗaya.

Dakta ta ce in zauna. Ta ce kowa ya koma ya rubuta abin da idonsa ya gani, kalma 1,500, mako biyu. Ta ƙara da dokarta da kullum take nanatawa: "Kada ka ce mini mace ta yi fushi. Nuna mini yadda ta ɗaure zaninta."

Na bi wannan doka sau da ƙafa, abin da har yau nake cizon yatsa a kai.

Ina aji biyar na sakandare, saura kwana uku Babbar Sallah, ragon layyar Alhaji, mijin Gwaggona, ya ɓace daga turke. Aka bi unguwa, aka sa cigiya a masallaci, Alhaji ya tara almajirai aka yi sauka. Wata shida ya yi ba ya amsa gaisuwar maƙwabcinsa. Gaskiyar magana kuwa, Gwaggo ce ta sayar da ragon don ta ƙarasa kayan ɗakin 'yarta, bayan ta yi ta magiya Alhaji na cewa sai bayan Sallah. Mutum biyu kaɗai suka sani a duk dangi: ita, da wanda ya ja igiyar da asuba zuwa gidan dillali.

Na yi lissafi cewa Turanci rufin asiri ne. Gwaggo bokon yaƙi da jahilci kawai ta yi, Alhaji lissafin kuɗi ya sani, Baba kuma Ajami ne karatunsa. Na canza wa kowa suna, na zauna na zuba labari. Dakta ta ba ni C, ta rubuta da jan biro wai labarin bai kama hankali ba, babu ragon da za a ja da asuba bai yi kuka ba. Ban tsaya yi mata bayanin kwanon dusa ba. Amma 'yan ƙungiyar ɗaliban sashenmu na neman abin cike shafin mujallarsu, suka ɗauka suka buga, da sunana da na mahaifina ɓaro-ɓaro a sama.

In da ina da hankali, da na bar mujallar nan a ƙarƙashin katifar hostel. Sai na sayi kwafi uku na kawo gida. Baba ya shafa sunansa da yatsa, ya sa ta a jakar da yake ajiye takardun fili.

Washegarin Sallah, Gwaggo da Alhaji suka zo barka da Sallah. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga soyayyen nama a faranti, hira ta yi daɗi. Kawai sai na ga Baba ya shiga ɗaki ya fito da jaka.

"Alhaji, yaron nan naku fa an fara buga shi a littafi. Kai, zo ka karanta mana."

Na karɓa hannu na rawa. Na ce a raina, Turanci ne, ba komai. Na zuba shi da gudu kamar mai karanta labarai, ina matse "p" ina zaro harshe. Aka yi ta jinjina kai. Gwaggo har cewa ta yi, "Tubarkalla, kamar a bakinsa aka yi shi."

Baba ya ce, "Madalla. To, a juya mana da Hausa."

Ban lura ba ashe Auta ta zagayo bayana tana leƙen shafin. Autar gidanmu tana aji uku na ƙaramar sakandare, a makarantar kuɗi, irin waɗanda ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Ita ce ban sa a lissafina ba.

Na gyara murya. "Wata rana, a wani gari mai nisa, can wajen ƙasar Sin..."

"Yaya, ba haka aka rubuta ba. Cewa aka yi layin mai niƙa, bayan masallaci."

"To, a layin mai niƙa. Aka yi wata mata mai akuya."

"Rago ne. Fari, mai baƙin kunne ɗaya."

Alhaji ya dakata da tsokar da ya kai baki. Ya mayar da ita faranti a hankali.

Baba ya miƙa hannu ya zare mujallar daga hannuna. "Ke karanta mana. Wannan digirin nasa bai gama nuna ba."

Auta ta gyara zama. Yarinyar nan, da a ce ita ta shiga sashenmu, da tuni ta fita da daraja ta ɗaya. Ba ta tsallake ko waƙafi ba. Ta karanta cewa matar gajera ce, tana da wushirya, tana ɗaure makullanta a bakin mayafi, kuma in za ta yi abin da ta san ba daidai ba sai ta ce "oho dai" ta sake ɗaurin zani. Idon kowa ya sauka kan bakin mayafin Gwaggo. Makullai uku na reto. Ta sa hannu ta tura su ƙarƙashin cinya.

Amma fa Gwaggo jaruma ce. Ta ɗauki nama ta ci gaba da tauna. "Ai labari ne," in ji ta, "irin na littattafan nan da ake karantawa a rediyo. Gajerun mata sun yi yawa a duniya."

Na fara jin ko za mu tsira. Auta ta wuce wurin kwance igiya, ta wuce wurin kwanon dusa, ta iso gidan dillali. To ni ranar a waje aka bar ni, ban ji cinikin ba, don haka da na zo rubutu sai na ƙiyasta.

"Sai dillali ya ƙirgo mata naira dubu arba'in..."

"Ƙarya yake!" Gwaggo ta buga cinya. "Dubu hamsin da biyar! Ni zan sayar da ragon nan dubu arba'in? Sai da na tashi zan tafi sau biyu ya..."

Ta tsaya. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai man da ke ƙara a kaskon Inna.

Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Hajiya. Ragon da na tara almajirai a kansa?"

"Oho dai," in ji Gwaggo, ta sake ɗaurin zani daga zaune. "Da me kake tsammani na yi wa 'yarka gado da katifa? Da sai bayan Sallah?"

Inna ta ruga madafa, muna jin dariyarta na fitowa ta taga. Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Na fara ja da baya da gindi, ina neman ƙofa.

"Tsaya," in ji Alhaji. "'Yar nan, wa ya ja igiyar?"

Auta ta bi layi da yatsa. "Wani yaro ne siriri, mai fala-falan kunnuwa kamar marfin tukunya. An ba shi ɗari biyar da ƙosai."

Ni na rubuta wannan da hannuna. Har daɗi na ji lokacin, don Dakta ta ja layi a ƙarƙashinsa ta sa alamar yabo. Shi kaɗai ne wurin da ta yaba a duk labarin. Na ja hulata ƙasa, amma hula ba ta rufe su, tun ina yaro ba ta taɓa rufewa ba.

Nan take Baba ya yanke hukunci: alawus ɗina na farko na bautar ƙasa, har na biyu in bai isa ba, na Alhaji ne, kuma ni zan raka shi gidan maƙwabcin nan ban haƙuri. Gwaggo ba a ci ta tarar ko sisi ba. Ita fushinta daban ne. Da za su tafi ta ja ni gefe a zaure ta ce, "Ɗan nan, ragon dai na sayar, ban musa ba. Amma ni ce gajera?"

Har yanzu in na yi sallama gidanta, sai ta ce wa 'yan ɗaki, "Ku yi shiru, ga ɗan jarida nan."

Da muka koma makaranta Dakta ta ba mu aikin waƙa irin ta Turawa mai layi 14, kowane layi gaɓa goma, ta ce kowa ya zaɓi abin da ya ga dama. Na yi tawa a kan dusar ƙanƙara.