Neman takardar shaida ga mai lalurar otizim: Sakkwato da Ingila

A nan Ingila, mai neman aiki yakan ba da sunan mutum biyu da adireshin imel ɗinsu na ofis, ma'aikatar da kanta ta tuntuɓe su, galibi bayan ta yi masa tayin aikin. Sau da yawa amsar ba ta wuce muƙamin da ya riƙe da ranar da ya fara da ranar da ya bari. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a tambayi lafiyar mutum kafin a yi masa tayi, sai a wasu 'yan lokuta, kuma tsohon maigida ba ya da hurumin bayyana lalurarsa ba da yardarsa ba.

A Sakkwato da ƙafa ake nema. Sai ka je ofis, ka jira, ka yi gaisuwa, sannan ka shigo da buƙata a kaikaice. Nan ne mai otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga, yake shan wahala, ko da ya fi kowa iya aikin. Idan malami ya ce "ba damuwa, ka dawo gobe," shi goben zai riƙe. Ko dai ya riƙa zuwa kullum har a ce ya cika naci, ko ya ɗauka an ƙi shi ya daina zuwa. Amma muna da abu biyu da suka fi na Turawa sauƙi: sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, ba a tilasta kallon ido, sannan ba abin kunya ba ne yaya ko kawu ya raka mutum ya gabatar da shi.

Ra'ayina shi ne a haɗa rakiyar gida da rubutun waje. A zaɓi mutum uku da suka ga aikinka da idonsu: malamin da ya duba kundin bincikenka a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, shugaban wurin da ka yi hidimar ƙasa, ko maigidan shagon da ka koyi sana'a. Takardar mai unguwa ko hakimi shaidar hali ce da asali, ba ta maye gurbin waɗannan. A nema tun saura mako uku ko huɗu a rufe karɓar takardun neman aikin. A je sau ɗaya da ɗan rakiya, a miƙa takarda shafi guda mai ɗauke da suna, lambar ɗalibi, shekarar gamawa, aikin da ake nema, ranar rufewa, da abu uku da ka yi a gabansa. Tambayar ta fito fili: "Ranka ya daɗe, za ku iya rubuta mini shaida mai kyau kafin ranar kaza?" Bayan mako guda a tuna masa ta WhatsApp, sai kuma saura kwana uku. In shiru, a koma ga na gaba, shi ya sa aka tanadi uku.

Idan ya ce "rubuto ka kawo in sa hannu," a kula. Masu otizim da yawa ba sa iya yabon kansu, wasu ma har kurakuransu za su jera saboda tsananin gaskiya. A rubuta abin da ya faru kawai: ya riƙe rajistar kaya wata goma sha ɗaya, ba a samu giɓi ba. Takardar ta kasance a kan ta ofis, da hatimi, sa hannu, kwanan wata da lambar waya. In waje za ta, imel ɗin makaranta ya fi Gmail karɓuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar tausayi. Malami da kyakkyawar niyya zai rubuta "yaro ne mai lalura, a taimaka masa don Allah," ya rufe masa ƙofa bai sani ba, domin mai ɗaukar aiki zai ga nauyi ne ba ma'aikaci ba. Mai neman aikin ne kaɗai zai yanke ko a ambaci lalurar, kuma ya faɗa wa marubucin tun farko. A Najeriya, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, don haka ambaton yana iya amfani a can. Ko da an ambaci lalurar, a faɗi abin da zai taimaka masa: umarni a rubuce, wuri marar hayaniya, da sanarwa kafin a canza masa tsarin aiki.