Allah ya taimaki mai neman ilimi da girma

Na ji labarin wani bawan Allah da ya ajiye acaɓa ya shiga Jami'ar Legas yana da shekara 40, Allah ya dafa masa. Tun da gwamnati ta hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022, 'yan uwanmu da dama suka rasa madafa. Masu cewa ya tsufa, ai Obasanjo sai bayan ya sauka daga mulki ya yi digirin digirgir a NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa. Wahalar tana wajen kuɗin makaranta, ga haya, ga cefane, ga cunkoson hanyar Akoka, unguwar da Jami'ar Legas take. Mai kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ya gwada NOUN, ba sai ya zauna jarrabawar JAMB ba. Sarakunan Hausawan Agege, don Allah ku tallafa da kuɗin rajista.