Tsibirin Kunta Kinte: an sauya suna, amma kogi bai fasa cin ƙasar ba

A tsakiyar Kogin Gambiya, kimanin kilomita 30 daga inda kogin ke faɗawa cikin Tekun Atilantika, akwai wani ɗan tsibiri da ke ɗauke da kangon tsohon sansanin Turawa. Wanda ya shiga kwale-kwale daga Albreda ko Jufure, abin da zai fara hangowa shi ne kukoki, sai ya matso kusa kafin ya ga rusassun bangaye da tsofaffin igwa da tsatsa ta cinye. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin da ya rage na tsibirin bai wuce kashi ɗaya cikin shida na girmansa a zamanin da sansanin ke aiki ba. Sauran ya tafi da ruwa.

Turawan Fotugal ne suka fara raɗa masa suna, Tsibirin Waliyyi Andire, a 1456, bayan sun binne wani matuƙin jirginsu mai suna Andire a can. Sansanin farko kuwa mutanen Kurland ne suka gina shi a 1651, wata ƙaramar masarauta da a yau take cikin ƙasar Latbiya. Shekaru 10 bayan haka Ingilawa suka ƙwace shi, suka kira shi Tsibirin James. Daga nan wurin bai sake samun kwanciyar hankali ba: Faransawa sun ci shi a 1695, 'yan fashin teku sun washe shi a 1719, albarushin da ke ajiye a ciki ya fashe a 1725, sannan Faransawa suka dawo suka ragargaza shi a 1779. Da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, ta kuma kafa garin Bathurst, wato Banjul ta yanzu, a 1816 don tsare bakin kogin, sai amfanin tsibirin ya ƙare, aka bar shi ga iska da ruwa.

Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, kuma a watan Fabrairun 2011 gwamnatin Yahya Jammeh ta sauya masa suna zuwa Tsibirin Kunta Kinte, mutumin Jufure da Ba'amurke Alex Haley ya shahara da labarinsa a littafin Roots na 1976. Ba na ƙin wannan suna, domin ba shi da kyau a ce wurin da aka tsare bayi ya ci gaba da amsa sunan James, ɗan sarautar Ingila da ya shugabanci kamfanin da ke sayensu. Sai dai sauya suna shi ne aiki mafi arha a harkar adana tarihi: sanarwa ce da biki da sabon allo. Kogin kuwa bai san da sanarwar ba. Ruwan teku yana shigowa yana janyewa sau biyu a kowace rana, yana sassaƙe gindin gaɓa, kuma duk taku ɗaya da ƙasar ta rasa, ya tafi ne da harsashin gini da fasassun tukwane da duwatsun ado da babu wanda ya riga ya tono balle ya rubuta.

Saboda haka a ganina duk kuɗin da aka samu, ko daga baitulmali ko daga masu tallafi na waje, gaɓar tsibirin ya kamata ya fara tafiya, kafin rumfar baƙi ko wurin sayar da tsaraba. Akwai masu ganin cewa a sake gina sansanin yadda yake a da, domin baƙo ya ga abin da zai ɗauki hoto. Wannan kuskure ne. Sansanin da aka rushe aka sake ginawa sau da dama, wanne daga cikin siffofinsa za a maido? Kuma bangon siminti da aka yi wa fenti ba ya ba da shaida a kan komai sai gwanintar ɗan kwangila. Abin da kangon ke bukata shi ne a tallafe bangayen da suka tsage, a cike su da irin kayan da aka gina su da shi, a kuma lura da saiwoyin kukokin, waɗanda suke riƙe ƙasa ta wani gefe, suke kuma tsaga gini ta wani gefen.

Akwai kuma batun labarin da ake ba baƙi. Tsibirin ba shi da ruwan sha na kansa. Turawan da ke cikinsa, duk da igwansu, sun dogara ne ga masarautar Niumi da ke arewacin kogin wajen ruwa da itacen girki da abinci, suna kuma biyan sarkinta haraji. Ke nan cinikin bai gudana ba sai da hannun masu mulki da fatake na ƙasar, kuma tarihin da ya ɓoye wannan don gudun jin kunya ya rage wa kansa daraja. Haka nan labarin Kunta Kinte, wanda masana suka daɗe suna ja-in-ja a kan sassansa, bai kamata ya danne na mutanen da takardu suka tabbatar ba. Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatanin Bundu, a ƙasar Senegal ta yau, kuma mahaddacin Alƙur'ani, an kama shi a yankin wannan kogi aka sayar da shi zuwa Maryland a Amurka, ya samu 'yanci ta hanyar wasiƙar da ya rubuta da Larabci, kuma a wannan sansani ya sauka a 1734 a hanyarsa ta komawa gida. Shi kansa ya je yankin kogin ne tun farko da niyyar sayar da bayi.

Cibiyar Fasaha da Al'adu ta Gambiya ce ke da alhakin kula da wurin, amma kare tsibiri daga teku ya fi ƙarfin kuɗin tikitin 'yan yawon buɗe ido. Ingila da Faransa, waɗanda suka shafe kusan ƙarni guda suna zubar da jini a kan wannan ɗan tudu, suna da injiniyoyin gaɓar teku da kuma tsofaffin taswirorin sansanin a ma'ajiyarsu, kuma ya dace Banjul ta nemi duka biyun a rubuce.