Ba kowace zuma ce irin ta Molan ba

Masu cewa binciken Farfesa Peter Molan ya nuna zuma na warkar da gyambo, kun tsallake wani abu. Zumar furen itacen manuka na New Zealand ya shafe sama da shekara 30 yana nazari a Jami'ar Waikato kafin rasuwarsa a 2015, kuma wadda asibiti ke shafawa a miki sai an kashe ƙwayoyin cutar cikinta tukuna. Masu cewa Suratun Nahli ta riga shi faɗin cewa akwai waraka a zuma, ba mu musa ba. To amma wadda ake tallanta a gorar ruwa a tasha, wani lokacin dafaffen sukari zalla, wa ya auna ta? Jami'o'inmu me suke jira da zumar amyoyin ƙauyukanmu?