Ranar da muka yi bita a kan kujerar Baba

Duk wanda bai taɓa zama a ajin ƙirar kayayyaki ba, ɗauka yake yi zane ne kawai: a ba ka fensir da rula, ka zana kujera, a ba ka maki. Umma ma cewa take yi wai darasin hutu na zaɓa. Ba ta san takardar jarrabawar tana iya tambayarka dalilin da ya sa hannun tukunya ba ya narkewa, da shekarar da aka buɗe wata makarantar zane a Jamus, da tsayin da ya kamata a yi wa ƙofa, duk a shafi guda ba.

Da jarrabawa ta kawo jiki, sai mu huɗu muka haɗa ƙungiyar bita. Akwai Farfesa, wanda ya haddace littafin darasin daga bango zuwa bango, amma bai taɓa buga ƙusa ba tare da ya haɗa da yatsansa ba. Akwai Dogo, wanda sunan ya wadatar. Akwai Ɗanfirit, shi ma haka. Sai ni, da gudummawata ita ce falon gidanmu, domin ranar Baba da Umma za su fita, daga ni sai ƙanwata, wadda aka bar min amana, ko kuma aka bar mata amanata, har yau ban tantance ba.

Da mutunci muka fara. Farfesa ya zo da jadawali a rubuce: awa ta farko tarihin masu ƙira, ta biyu ƙarafa da robobi, ta uku zane. Ya miƙe tsaye yana karanto mana cewa Walter Gropius ne ya kafa makarantar Bauhaus a garin Weimar a 1919, aka rufe ta a 1933 da 'yan Nazi suka matsa mata lamba. Kafin ya kai 1933 Dogo ya yi barci.

Ɗanfirit ne ya kawo shawarar da ta kai mu ta baro. Ya ce, "Kai mutanena, ba malam ya ce wannan darasin da hannu ake karanta shi ba? Ya ce mu taɓa kaya, mu juya su, mu kwance mu ga yadda aka yi su. To ga gida cike da kaya."

Na ce malam bai ambaci gidanmu ba. Aka kaɗa ƙuri'a, har da Dogo da aka tasa don ya ɗaga hannu, na sha kaye.

Muka ciro maganaɗisu daga jikin wata tsohuwar lasifika. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da baƙin ƙarfe yake cikinsa, maganaɗisu zai kama shi, alminiyom da jan ƙarfe da tagulla kuwa ko a jikinsu. Ƙofar firji ta kama. Tukunyar alminiyom ta ƙi. Makullin ɗaki ya ƙi, Farfesa ya ce tagulla ce, gamin jan ƙarfe da tutiya. Komai yana tafiya yadda littafi ya ce, har muka iso ga cokulan Umma, waɗanda take ajiye wa baƙi. Wuƙa ta kama ram. Cokali ya ƙi. Alhali dukansu an rubuta a jikinsu cewa ƙarfe ne marar tsatsa.

Farfesa ya rantse ƙarfe marar tsatsa baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, don haka dole ya kama. Ya goga maganaɗisun a riga, ya sake gwadawa, ya hura masa iska, ya sake. Shiru. Nan Dogo ya yanke hukunci da babbar murya: "Cokulan nan jabu ne. An cuci Umma." Ashe amsar tana bayan cokalin, inda aka buga 18/10, wato kashi 18 kuromiyom, kashi 10 nikel, kuma nikel ɗin ne yake sauya tsarin ƙarfen ta ciki har maganaɗisu ya daina ganinsa. Cokulan ma masu kyau ne. Amma wannan sai daga baya muka gano, ƙanwata kuwa ta riga ta ji maganar Dogo daga bayan labule ta adana.

Daga nan muka shiga robobi. Kowace roba muka kife, muna neman lambar nan da ke cikin 'yar alwatika a gindinta. Gorar ruwan sha lamba 1, jarka lamba 2, robar ajiyar abinci mai murfi lamba 5. Littafi ya ce lamba 1 tana fara laushi da zarar zafi ya kai wajen digiri 70, ita kuwa lamba 5 tana jure tafasasshen ruwa. Ɗanfirit ya ce ji ba gani ba ne. Muka tafasa ruwa muka tsiyaya a gorar. Tana shiga gorar ta fara motsi, ta tsuke, ta rusuna, wuyanta ya karkace, ruwan da ya rasa wurin zama ya yi ambaliya a kan tebur ya wanke jadawalin Farfesa tas. Awa ta uku, ta zane, ita ce ta fara narkewa. Da muna da hankali da mun gane ishara ce.

Hannun tukunya kuma wata irin roba ce daban, irin wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a Amurka a 1907, wadda in ta daskare sau ɗaya ta daskare ke nan, wuta sai dai ta ƙona ta amma ba ta narkar da ita. Ɗanfirit ya gasa ƙusa ya danna a hannun tukunyar. Babu abin da ya faru sai wari. Ya ce ai gwaji ba ya cika sai an kwatanta, ya juya ya danna ƙusar a gindin bokitin wanki. Ta wuce sumul. Ilimi ya tabbata, bokiti ya yi ritaya.

Sashen awon jikin ɗan Adam shi ne wanda na fi jin daɗinsa, domin babu abin da ya fashe. Da tef ɗin ɗinkin Umma muka yi shi. Maganar ita ce, in ka jera mutum ɗari daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, mai ƙira yakan yi aiki ne tsakanin na 5 da na 95. Ƙofa domin dogo ake yin ta, kada ya dinga buga goshi. Kanta domin gajere ake kafa ta, don hannunsa ya kai. Tsayin mazaunin kujera ma gajeren ake dubawa, don kada ƙafafunsa su yi ta lilo. Muka naɗa Dogo na 95, Ɗanfirit na 5. Ni na faɗo tsakiya, na 50, Farfesa ya ce in yi haƙuri, ba kasafai ake ƙera komai domina ba.

Maganar kujera ce ta tuna masa da Thonet. Ya gyara tsayuwa ya ce a 1859 kamfanin Michael Thonet ya fito da kujera mai lamba 14, wadda aka yi da katako shida da aka lanƙwasa da tururi, da sukurori goma da noti biyu, kuma in aka kwance ta, guda 36 suna shiga akwatin da bai wuce mita ɗaya ta kowane ɓangare ba. Ya ce irin wannan tambayar tana fitowa: a ba ka kaya a ce ka bayyana yadda aka harhaɗa shi.

Falon ya yi tsit. Na ga idanu shida sun juya a hankali zuwa kusurwa.

A kusurwar nan kujerar Baba take. Ta katako ce mai hannu, duk da noti aka ɗaure ta, ta girme ni, kuma ko kyanwar gidan ta san ba a hawanta. Na ce, "Wallahi a'a." Farfesa ya ce minti goma ne, mu kwance, mu zana kowane ɓangare a inda yake, mu mayar. Ni aka ba aikin zanen, amma da noti na farko ya ƙi juyawa sai aka miƙo min sufana, na ajiye fensir, Farfesa ya ce kada in damu, komai yana kansa.

Kwancewa akwai daɗi, wannan kam gaskiya ce. Noti yana sakin jiki, katako yana rabuwa da ɗan'uwansa, kana jin kanka injiniya. Muka shimfiɗa ta a kan darduma gaɓa-gaɓa, muna tsaye muna sha'awar aikinmu, sai wayata ta yi ƙara. Umma ce. Ta ce ga su nan a hanya, in gyara falo, tare suke da Kawu.

Abin da aka kwance cikin raha, cikin gumi aka mayar. Notunan da muka zuba a kofi ɗaya ashe tsayinsu ba ɗaya ba ne. Ƙafar hagu ta koma dama, aka sake kwancewa. Dogo ya ɗaura hannun kujerar yana kallon baya. Abin da ke kan Farfesa kuwa, da aka nema, sai shekaru suka yi ta fitowa. Da ƙyar ta tsaya da ƙafafunta huɗu, kuma a ido ba ka ce an taɓa ta ba. Sai dai ga wasu siraran sandunan ƙarfe biyu kwance a kan darduma, babu wanda ya tuna daga inda suka fito.

Farfesa ya ɗaga su ya duba, ya ce, "Ado ne." Ya ce Dieter Rams na kamfanin Braun, wanda ya tsara ƙa'idoji goma na kyakkyawar ƙira, takensa shi ne a rage amma a inganta, don haka mu ba ɓata kujerar muka yi ba, gyara ta muka yi. Muka tura sandunan ƙarƙashin doguwar kujera. Na dage sai an gwada. Dogo ya matso zai zauna, Farfesa ya tare shi: "Kai na ƙofa ne. A kujera na 5 ake bi." Ɗanfirit ya ɗare, ya jijjiga, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ko ƙis ba ta yi ba. Muka tafa.

Kawu yayan Umma ne, kuma in aka jera mutum ɗari, shi sai an buɗe masa sabon layi. Yana shigowa muka durƙusa muka gaishe shi, kowa da littafi a hannu. Ina ta addu'a a zuci ya nufi doguwar kujera. Sai Baba, wanda bai taɓa ba kowa wurin zamansa ba, ranar karamci ya motsa masa, ya ce, "Alhaji, bismillah, ga wuri nan."

Kawu ya zauna. Kujerar ta yi wani ɗan nishi.

"Samari, yaya karatu?"

"Alhamdu lillahi, Kawu."

"Madalla. A dage, a dage. Me ake karantawa?"

Babu wanda ya amsa, domin Kawu ya fara tafiya. Ba faɗuwa ba, tafiya, a hankali, zuwa hagu, kamar tsohuwar katanga da ta sha ruwan sama. Ƙafafun kujerar huɗu suka karkata tare cikin haɗin kai. Shi kuwa bai daina magana ba, yana cewa a zamaninsu su ma sun yi karatun dare, sai dai yanzu a karkace yake kallonmu. Baba ya miƙa hannu, ya makara. Kujerar ta kwanta a kan darduma da Kawu a cikinta, hularsa ko gocewa ba ta yi ba.

A cikin shirun nan na ji Farfesa ya raɗa, da muryar wanda aka yi wa wahayi, "Alwatika."

Gaskiyarsa. Firam mai gefe huɗu yana iya karkacewa ba tare da ko gefe ɗaya ya karye ba, notunan kusurwa kawai za su juya. Alwatika kuwa ba ta sauya siffa sai an karya mata gefe. Sandunan nan biyu gicciye suke a ƙarƙashin mazauni ta baya, su ne suke raba murabba'in zuwa alwatikai su hana shi rawa. Shafin yana cikin littafin, har da hoto. Shi kuma na 5 ɗin da Farfesa ya kafa hujja da shi, na tsayin mazauni ne. Ƙarfin kujera da mafi nauyi ake auna shi.

Ana tayar da Kawu, ƙanwata ta fito ba tare da an kira ta ba, ta durƙusa ta zaro sandunan ta miƙa wa Baba. Sannan ta juya ta ce, "Umma, sun ce cokulanki jabu ne. Kuma ki je ki ga bokiti."

Farfesa ya tuna ana nemansa a gida. Baba ya ce, "Zauna, ɗana. Ai ba a tashi daga aji ba." Ya sa muka sake kwance kujerar a gabansa, muka jera notunan bisa tsayi, kuma duk ɓangaren da za mu ɗaura sai mun faɗi aikinsa. Wanda ya ce ado, a sake daga farko. Da muka gama ya sa Dogo ya zauna, ya sa ni na zauna a cinyar Dogo, ya ɗora mana Ɗanfirit. Kawu yana daga doguwar kujera yana ba da umarni a ƙara Farfesa. Dare ya yi, ba mu zana ko layi ɗaya ba.

Ranar jarrabawa, tambayar da ta fi kowace maki ita ce ta zanen nan da ake jan layukansa a kan digiri 30 don abu ya fito da tsawo da faɗi da zurfi. Na zana wani abu da ni kaina ban san ta inda ake shigarsa ba. Can ƙasa kuma ga wata 'yar tambaya mai maki kaɗan: ta yaya za a hana firam mai gefe huɗu karkacewa? Na cika layukan da aka bayar, na juya bayan takarda, na yi zane biyu, na kafin da na bayan, har da mutum a zaune yana tafiya hagu. Da aka dawo mana da takardu, malam ya rubuta da jan biro: "Amsa daidai. Mutumin ba ya cikin tambaya."

Kawu bai yi fushi ba, yana zuwa gidanmu kamar kullum. Sai dai yanzu duk kujerar da aka nuna masa, sai ya dafa ta, ya girgiza, ya dubi Umma ya ce, "Yaran nan sun yi karatu a kan wannan?"